Yadda Ake Adana Turare Don Kada Ƙanshinsa Ya Gudu

Mu mutanen ƙasar nan masu son ƙanshi ne. Ba a haɗa lefe babu turare a ciki, ba a gyara ɗakin amarya ba a kunna kasko ba, haka kuma ranar Lahadi ko ranar Kirsimeti ko ranar Sallah, ɗinki ba ya cika sai an bi shi da turare. Ko a nan makaranta, da wuya a buɗe akwatin ɗalibin manyan azuzuwa a rasa 'yar kwalba a wani lungu, wadda ya matse kuɗin guzurinsa ya saya ko kuma wata goggo ta ba shi tsaraba. Sai dai sau da yawa mukan ji ana kuka cewa turaren da aka saya da tsada a farkon zango ya zama ruwa kafin a yi hutu, ko ya koma wari. Nan da nan sai a ce ai mai kanti ne ya sayar da jabu. Gaskiya ne akwai jabu a kasuwa, araha kuwa ba ta ado. Amma galibi turaren lafiyarsa lau ya baro kanti. Inda aka ajiye shi ne ya kashe shi.

Kafin mu san yadda za mu adana abu, sai mun san mene ne shi. Turaren fesawa wanda muka fi gani a yau haɗi ne na mai mai ƙanshi kala-kala da aka narkar a cikin alkohol, wato irin sifirit ɗin da muke gani a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, tare da ɗan ruwa kaɗan. Yawan man ne yake bambanta farashi. Wanda ake kira kolon, mai suna daga birnin Kolon na Jamus inda Johann Maria Farina ya fara sana'arsa a 1709, man da ke ciki ba ya wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Turare mai nauyi kuwa yakan kai kashi 20 zuwa 30. Shi kansa man ba abu ɗaya ba ne. A kwalba guda ana iya samun sinadarai fiye da hamsin, kowanne da halinsa. Akwai masu gaggawa, kamar ƙanshin ɓawon lemo, su ne hanci yake fara ji da zarar an fesa, kuma cikin 'yan mintoci sun tafi. Akwai na tsakiya, irin ƙanshin furanni da kayan yaji. Sa'an nan akwai masu nauyi, irin su sandal da almiski da jema, waɗanda sukan kwana a jikin riga har washegari.

Abin lura a nan shi ne, ba ma jin ƙanshin kome sai in yana tashi yana bin iska ya shiga hanci. Ashe ke nan turare abu ne da aka yi shi domin ya gudu. Aikin kwalba da murfi shi ne su tsare shi har ranar da mai shi yake bukata. Duk lokacin da muka shiga ɗaki muka ji ƙanshin turaren da yake rufe a kan teburi, to, kuɗin mai shi ne yake yawo a cikin iska.

Abokan gaban turare su ne haske da zafi da iska, kuma wannan ba sabon sani ba ne. Wani masani Bahelene mai suna Tiyofarastus, almajirin Aristotil, wanda ya rasu wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Almasihu, ya rubuta cewa masu sayar da turare na zamaninsa sukan nemi ɗakin da rana ba ta shiga, su kuma zuba hajarsu a tukwanen darma ko na wani farin dutse da ake kira alabasta, domin dutsen yana da sanyi kuma ƙanshi ba ya ratsa shi. Filini, marubucin Roma wanda ya rasu a shekara ta 79, shi ma ya maimaita wannan shawara. Mun san wannan dutse daga labarin matar nan ta Betanya a cikin Bisharar Markus, wadda ta zo da man nardi a tulun alabasta. An ƙiyasta kuɗinsa fiye da dinari 300, a lokacin da dinari guda yake ladan lebura na yini, wato kusan wahalar shekara cur. Nardi daga tsaunukan Himalaya yake fitowa. Man da ya yi irin wannan tafiya bisa raƙuma da jiragen ruwa ba zai iso da ƙanshinsa ba sai a cikin abin da aka toshe bakinsa sosai, kuma masana da yawa suna ganin dalilin da ya sa ta fasa tulun ke nan.

Bari mu fara da haske, domin a nan ne son nuni yake cutar mu. Masu yin turare sukan ƙera kwalba mai kyau don ta ja hankalin mai saye, mu kuma sai mu jera ta a gaban madubi ko a bakin taga don kowa ya gani. Hasken rana yana ɗauke da ƙarfin da yake iya tsinka sinadarai, shi ne ƙarfin da yake koɗar da atamfa in an shanya ta kwana da kwanaki. Abin da yake yi wa launin zane shi yake yi wa ƙanshi, sai dai wannan ido ba ya gani sai aiki ya riga ya lalace. Shi ya sa masu sayar da tsantsar mai suke zuba shi a kwalba mai launin ƙasa-ƙasa irin ta magani, ko a gorar alminiyam. Kwalin da turare yake zuwa a ciki, wanda mukan yaga mu jefar tun a ranar farko, shi ne rigarsa. Wanda ya mayar da kwalbarsa cikin kwali bayan ya shafa ya riga ya gama rabin aikin, ko kwabo bai kashe ba.

Zafi ya fi haske wuyar sha'ani a wurinmu, tun da ba mu da inda za mu gudu mu bar shi. Ɗaliban kimiyya za su tuna da abin da aka koya musu, cewa a haɗuwar sinadarai da yawa, in zafi ya ƙaru da digiri 10 saurin aikin yakan ninka sau biyu. Mu ɗauki wannan a matsayin ƙiyasi. Turaren da yake zaune a digiri 40 zai tsufa kusan sau huɗu fiye da wanda yake a digiri 20, wato tsufan shekara guda zai same shi cikin wata uku. A watan Afrilu kuwa zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa. Mutanen Jos da Mambila sun ɗan sami sauƙi, amma ko a can ɗakin kwano marar silin yakan zama tanderu da tsakar rana. Akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan kabad kusa da rufi, ko aka jingina da bangon da ranar yamma take duka, ba wurin turare ba ne. Zafi sama yake hawa, saboda haka ƙasa-ƙasa ya fi. Tsakiyar tufafi a cikin akwatin da yake ƙarƙashin gado wuri ne mai kyau ƙwarai, gama tufafin suna tare haske, suna kuma hana zafi shiga da fita da sauri.

Mafi muni duka ita ce mota. Malamai da iyaye da yawa sukan bar kwalba a aljihun gaban mota don su fesa kafin su shiga taro. Motar da aka rufe aka bari a rana, cikinta yakan wuce digiri 60. Ban da lalacewar ƙanshi akwai haɗari. Gwangwanin turaren jiki cike yake da gas da aka matse, kuma a jikinsa an rubuta gargaɗi kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50, domin yana iya fashewa. Haka kuma alkohol yana kama wuta nan take. Daren da aka ɗauke wuta aka kunna kyandir ko fitilar ƙwai a ɗakin kwana, kada kowa ya fesa turare kusa da ita, kada kuma a jefa gwangwanin da ya ƙare a cikin wutar shara.

Wani zai ce to a sa a firiji mana. Sanyi ba ya cutar da turare, amma a inda wutar lantarki take zuwa tana tafiya, firiji yakan yi sanyi da safe ya ɗume da yamma. Wannan hawa da sauka yana sa iskar da ke cikin kwalba ta kumbura ta kuma tsuke, har kwalbar ta riƙa yin kamar numfashi ta bakin murfi, ƙanshi na fita sabuwar iska na shiga. Ga shi kuma madara da man shanu suna saurin ɗaukar ƙanshin abin da ke kusa da su, babu uwar da za ta gode wa ɗan da ya sa furarta ta koma ɗanɗanon almiski. A ganinmu lungu mai duhu wanda yanayinsa ba ya yawan sauyawa ya fi firijin da ba shi da tabbas. Saboda wannan dalili ne ma banɗaki da kicin ba su dace ba.

Iska ita ce ta uku, kuma ita ce ba a iya kore ta gaba ɗaya. Oksijin da muke shaƙa mu rayu, shi ne yake sa ƙarfe tsatsa, shi ne kuma yake cin turare. Sinadarin da yake ba ɓawon lemo ƙanshinsa ana kiransa limonin, yana cikin turaruka masu yawan gaske, kuma yana cikin masu saurin haɗuwa da oksijin. In ya haɗu da shi sai ya rikiɗe ya zama wasu abubuwa dabam marasa daɗin ji. Wannan ya wuce maganar ƙanshi. Likitocin fata sun tabbatar cewa limonin da wani ɗan'uwansa linalol, wanda ake samu a furanni da yawa, ba su cika damun fata ba suna sababbi, amma bayan iska ta yi aiki a kansu sukan jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Ɗalibar da ta ga wuyanta yana yin ja a daidai inda take shafa turaren da ta daɗe tana amfani da shi lafiya, ta daina shafawa ta je ɗakin magani.

Kullum turare yana raguwa a kwalba, iska ce take cike gurbinsa. Kwalbar da ta rage kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kashi ukun iska ce, shi ya sa guntun ƙarshe ya fi saurin lalacewa. Nan ne masu tattali sukan yi asara. Mutum zai yi ta amfani da turarensa, da ya ga ya kusa ƙarewa sai ya ɓoye ragowar wai sai ranar yaye ɗalibai ko bikin yayarsa. Ranar ta zo ya buɗe ya tarar da tsami. Kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba tana iya jiran biki, amma wadda aka ci rabinta gara a ƙarasa ta. Kuma ga ɗalibi, ƙaramar kwalba da zai gama cikin zango ɗaya ko biyu ta fi babba, ko da babbar ta fi araha a lissafi. Haka amaryar da aka kawo mata kwalabe goma a lefe, kada ta buɗe su duka a mako guda don ƙawaye su sansana. Ta buɗe ɗaya ko biyu, sauran su zauna a kwalayensu a ƙasan akwati. Girgiza kwalba kafin a fesa ma ba shi da amfani, turare ba maganin tari ba ne, iska kawai ake cusa masa.

Don mu ga iyakar abin da adana yake iya yi, ga misalai biyu daga nesa. A garin Versailles kusa da birnin Paris na Faransa akwai wata ma'ajiya mai suna Osmothèque, wadda aka buɗe a 1990 don adana turarukan duniya, har da waɗanda aka daina yi tuntuni. A ɗakin ƙasa mai duhu suke ajiye su, a sanyin digiri 12, kuma in an ɗebi kaɗan daga kwalba sai a cike gurbin da gas ɗin argon, wanda ya fi iska nauyi kuma ba ya haɗuwa da kome. Na biyun ba da gangan aka yi shi ba. Wani jirgin ruwa mai suna Mary Celestia ya nutse kusa da tsibirin Bamuda a 1864. A 2011 masu ninƙaya suka tono kwalaben turare na wani kamfanin Landan daga cikinsa, a toshe. Bayan shekara 147 a cikin duhu da sanyi, masana sun iya gane yawancin abin da aka haɗa turaren da shi, har aka sake yin irinsa a 2014.

Turaren mai, wanda babu alkohol a cikinsa, ya fi jure yanayinmu, wataƙila shi ya sa ya kama ƙasa a nan tun da daɗewa. Bintu Sudan da kakanninmu suka sani, kamfanin W. J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, daga baya aka riƙa ɗura shi a Kano. A 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, ana gama shi kafin iska ta yi masa illa. Amma irin wannan turare yana da nasa ciwon. Bakin kwalbar ko tsinken da ke jikin murfi yana taɓa fata, ya kwaso gumi da man shafawa ya mayar ciki. A ɗakin kwanan da kwalba ɗaya take zagaya hannu goma ranar Lahadi da safe, ba a jimawa man yake gurɓacewa. A shafa a fata mai tsabta, a goge bakin kwalbar, a murɗa murfin har ya kama, a kuma ajiye ta a tsaye don kada man ya jiƙa robar murfi ya cinye ta.

Maganar roba ta tuna mana da masu sayar da turaren awo, waɗanda suke ɗura wa mutum a cikin abin da ya zo da shi. Man lemo da ire-irensa suna narkar da wasu robobi, ƙanshi kuma yana ratsa roba ya fita a hankali. Gilashi ne gidan turare. A wanke kwalbar sosai, a bar ta ta bushe ƙarƙaf kafin a zuba, domin ɗigon ruwa yana sa mai ya yi gajimare. Mutanen Kannauj a ƙasar Indiya, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna dafa furanni suna kama ƙanshinsu a cikin man sandal, sukan fara zuba sabon turare a salkar fata don ragowar ruwan ya tsotse ya fita ta jikin fatar, man ya zauna. Ƙara wa turare ruwa don ya yi auki kuwa, kamar yadda wasu suke yi in ya kusa ƙarewa, ɓata shi ne kawai.

Ba kowane turare ne tsufa yake cuta ba. Humra, wadda matan Barebari da Shuwa na Barno suka gwanance a kanta, kuma asalinta yana da alaƙa da ƙasar Sudan, sai ta tsumu take daɗi. Bayan an haɗa sandal da farce da almiski da sauran kayan, akan rufe ta a ajiye makonni kafin ƙanshin ya kama juna. Kayan da ake yin ta da su masu nauyi ne, ba sa saurin tashi, ba sa kuma saurin haɗuwa da iska kamar lemo. Duk da haka in muka lura, matan da suka san aikin a cikin duhu suke tsuma ta, baki a rufe. Turaren wuta kuma babban maƙiyinsa danshi ne, saboda sukarin da ake dafa shi da shi yana jan ruwa daga iska. Da damina, in an bar shi a leda ko a kwano marar murfi, sai ya yi laushi, ya yi fumfuna, tururuwa ta bi shi, in an zuba a garwashi ya yi ta hayaƙi mai ƙauri. Da hunturu kuma man da ke jikin itacen ya bushe. Kwalba mai faɗin baki da murfi mai kamawa ita ce maganin duka biyun, amma a tabbata warin abin da ya fara zama a cikinta ya fita. A riƙa ɗiba da busasshen cokali.

Yaya za mu gane turaren da ya mutu? Launi yakan ba da alama, in fari ya koma rawaya ko rawaya ta koma kamar shayi, ko da yake turare mai banila yakan yi duhu da kansa ba tare da ya lalace ba. Hanci ne alƙali. A fesa a kan farar takarda, a zubar da feshin farko da na biyu domin wanda ya kwana a cikin bututu ya fi shan iska, sa'an nan a jira minti biyar. In an ji tsami, ko warin ƙarfe, ko warin tsohon man gyaɗa, to ya tafi. Wani lokaci saman ne kaɗai ya lalace, bayan ɗan lokaci sai ƙanshi mai nauyi na ƙasa ya fito lafiya. Irin wannan ana iya sa shi a ƙyalle a jefa cikin akwatin tufafi, amma kada ya taɓa fata. A jikin kwalaye da yawa akwai hoton ɗan gwangwani a buɗe da rubutu kamar 24M ko 36M, ma'anarsa yawan watannin da kamfanin yake sa ran kayan zai yi lafiya bayan an buɗe. Wanda ya rubuta ranar buɗewa a gindin kwalin da biro ba zai yi ta kokwanto ba.

Akwai kuma turaren da ake yi wa ƙazafin mutuwa alhali da ransa. Hanci yana gajiya da ƙanshin da ya saba da shi, kamar yadda mai zama kusa da injin niƙa yake daina jin ƙararsa. Wanda yake shafa turare iri ɗaya kullum yakan daina jin sa bayan 'yan mintoci, sai ya ɗauka ya sane, ya ƙara feshi biyar, ya shigo aji ko majami'a ya hana na kusa da shi numfashi. Cikinmu kuwa akwai masu ciwon asma da masu ciwon kai waɗanda wannan ba abin wasa ba ne a gare su. Kafin a ƙara, a tambayi aboki ko yana ji. In kuma da hunturu ne ƙanshin yake saurin barin jiki, busasshiyar fata ce ba ta riƙe shi. A fara shafa ɗan man da ba shi da ƙanshi, irin su basilin ko man kaɗanya da aka tace sosai, a wuyan hannu da bayan kunne, sa'an nan a sa turaren a kai a bar shi ya bushe da kansa.

Dogon hutu ya kusa, kuma da yawa za su bar akwatunansu a ma'ajiyar makaranta har sai an dawo. Wanda kwalbarsa ta yi ƙasa da rabi ya tafi da ita gida ya ƙarasa. Wanda zai bar tasa ya murɗa murfin sosai, ya mayar da ita cikin kwali, ya naɗe a safa ko tawul, ya tsayar da ita a tsakiyar tufafi, ya kuma roƙi shugaban ɗakin kwana kada a ɗora akwatin nasa a can saman tari kusa da kwano.